Jeren itatuwa a kurmin bakin teku: misalin Kazamansi

Faransanci yana da kalmomi biyu: palétuvier ga iccen, mangrove ga kurmin da itatuwan suka haɗa. Hausa ba ta da ko ɗaya, da yake ƙasarta nesa take da teku. A wannan ƴar maƙala za mu ce "kurmin gishiri" na wucin gadi, mu ɗauki misali daga Kazamansi, a kudancin Senegal.

Sau biyu a rana teku yakan cika, ruwa ya shiga ƙoramu, sannan ya janye. Taɓon da ya bari babu iska a cikinsa, ga kuma gishiri: ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 a lita. Abin lura shi ne, itatuwan ba a warwatse suke fitowa ba. Jere suke yi daga bakin ruwa zuwa tudu, kowane iri gwargwadon daɗewar da yake iya yi cikin ruwa da yawan gishirin da yake jurewa. Wanda ya san yadda bagaruwa ke kewaye tabki ya fahimci rabin zancen.

A sahun farko akwai Rhizophora, wanda ruwa ke mamaye gindinsa kullum. Saiwoyinsa daga jikin kututture suke fitowa, su lanƙwasa su cake cikin taɓo. Suna da ƴan ƙofofi da iska ke shiga idan ruwa ya janye, kuma su ke tace mafi yawan gishirin. Ɗansa ma tun yana bisa uwa yake tsirowa kafin ya faɗo. Bayansa sai Avicennia, inda ruwa ke isa jefi-jefi, rana kuma ta ƙafar da shi, gishiri ya taru. Shi saiwoyinsa ƙanana ne, suna ɓullowa daga ƙasa kamar tsinkaye, kuma ta ganye yake fidda gishiri. Gaba da nan sai fili fayau da ake kira tanne, kalmar da Faransanci ya aro daga harsunan Senegal.

Farin da ya addabi Sahel daga 1968, ya tsananta a 1973 da 1984, ya nuna abin da ke riƙe da wannan jere. Ruwan daɗi ya ragu a kogin Kazamansi, na teku ya kutsa can ciki ya ƙafe, har gishiri ya wuce giram 100 a lita a wasu wurare. Rhizophora ne ya fara mutuwa, ko da yake ya fi kowa jure ambaliya. Avicennia ya fi daɗewa. Taɓon da ya bushe ya yi tsami, gonakin shinkafa na Jola da dama suka lalace. Ke nan juriyar ruwa daban, juriyar gishiri daban, kuma a ganinmu duk ƙamus na kimiyya da za a yi da Hausa ya kamata ya raba su.

Tun 2006 aka shiga dashe a ƙauyukan yankin, galibi na Rhizophora, saboda ɗansa ya fi sauƙin cakawa. Inda aka dasa shi a mazaunin Avicennia, ba safai yake kamawa ba.