Uku a Littafi, Babu a Hannu

A wani kamfanin gyaran janareta da ke Kano, littafin sito ya nuna akwai AVR guda uku, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar da inji ke bayarwa. A kan haka aka yi wa wani Alhaji mai gidan ƙanƙara a Haɗeja alkawarin Talata. Safiyar Talata makanike ya zo ɗauka, aka ce babu.

Zargi ya fara faɗawa kan mai sito, kamar kullum. Manaja ya sa aka buɗe, sai ga kwalaye uku reras a kan kanta. Ba a saci komai ba.

Aka ɗago na farko, makanike ya duba lamba ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, wannan MX341 ce. Injin Alhaji SX460 yake ɗauka."

Duka biyun na Stamford ne, amma ta farko sai injin da ke da ƙaramin janaretan maganaɗisu a bayansa. Littafi kuwa "AVR" kawai ya rubuta.

Kwali na biyu lambarsa daidai, sai dai ana buɗewa ƙauri ya bugi hanci. Ƙonanniya ce da wani ya ciro daga wurin aiki, ya saka a kwalin sabuwar da ya ɗaura, ya ajiye. Yaron sito ya ga kwali, ya ƙirga.

Na uku lafiyarsa lau, kuma shi ya fi ba da haushi. Tun makon jiya aka yi wa wani asibiti alkawarinsa ta waya, ba wanda ya rubuta. Mai tsara aiki da mai sito, ofis ɗaya, kowa da lissafinsa.

A da irin wannan sakaci ba ya fitowa fili, don ana jibge kaya. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kayan waje suka yi tsada, kowa ya rage ajiya, kuskure ya rasa wurin ɓuya.

Yanzu kafin a sa rana, sai mai inji ya turo hoton lambar na'urarsa ta WhatsApp, a ɗauko kayan a gani da ido, a manna masa sunan aikin. Ƙonannu kwandonsu daban.

Na Haɗeja dai daga Legas aka yi odarsa, tafiyar kusan kilomita 1,000. Aka kira Alhaji aka ba shi haƙuri, aka ce ba za a sa masa wata rana ba sai motar ta sauke kaya a Kano.