Fas ko Marrakesh: wanne za a zaɓa idan hutu ya faɗo a hunturu?

Wanda ya tara ɗan guzurinsa, ya samu hutun mako guda a watan Janairu ko Fabrairu, kuma ransa ya kwanta a kan Maroko, tambayar da za ta fara tare shi ita ce: Fas ko Marrakesh? Dukansu tsofaffin biranen sarauta ne masu ganuwa da ƙofofi, dukansu hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya, Fas a 1981, Marrakesh a 1985. A hoto sai a ce uwa ɗaya ta haife su. Amma idan ƙafa ta taka, musamman cikin sanyi, kowanne da halinsa.

A fara da lokacin. Baƙi sun fi tururuwa zuwa Maroko daga Maris zuwa Mayu, sai kuma daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da babu zafi mai gasa mutum, babu sanyi mai ratsa ƙashi. Kasuwar yawon buɗe ido tana kwantawa sau biyu a shekara. Akwai Yuli da Agusta, lokacin da zafin Marrakesh kan haura digiri 40, wannan kuwa ba na ba kowa shawararsa. Akwai kuma hunturu, daga bayan bukukuwan sabuwar shekara zuwa ƙarshen Fabrairu. A nan ne kuɗin masauki ke sauka, layin shiga wuraren tarihi ya gajarce, mai shago ya samu sukunin zama da kai. A lura dai: makon Kirsimeti da na sabuwar shekara ba sa cikin wannan lissafi, domin Turawa kan cika Marrakesh maƙil a kwanakin, farashi kuma ya yi sama.

Sanyin biranen biyu ba iri ɗaya ba ne. A Janairu, Marrakesh kan kai digiri 18 ko 19 da rana, sama garau, tsaunukan Atlas suna leƙowa daga kudu da farar dusar ƙanƙara a kansu. Da dare sai ya faɗo zuwa wajen 6. Fas tana can arewa, cikin kwari, ranarta ba ta cika wuce digiri 15 ko 16 ba, darenta yakan sauko zuwa 4 ko ƙasa da haka, ruwan da take samu a shekara kuma ya kusan ninka na Marrakesh, kaso mai yawa daga cikinsa a hunturu yake zuba. Abin da kan ba mutumin ƙasarmu mamaki ke nan. Mun saba da hunturu busasshe, na hazo da tsagewar leɓe, wanda da rana ta ɗaga sai a tuɓe rigar sanyi. Na Fas jiƙaƙƙe ne, yana iya kwana uku yana yayyafi, ya shiga cikin tufafi ya zauna.

Saboda haka maganar masauki ta fi komai muhimmanci, kuma nan ne mutane da yawa ke yin sakaci. Gidajen gargajiya da aka mayar masaukin baƙi, waɗanda ake kira riyad, an gina su ne don maganin zafi: katanga mai kauri, ɗakuna masu tsawon rufi, tsakar gida a buɗe da ɗan maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, ƙasa da bango duk tayil. A bazara aljannar duniya ce. A Janairu kuwa ɗakin yakan fi waje sanyi, tayil ɗin ba ya takuwa da ƙafa tsirara, tawul ɗin da aka shanya da dare a same shi da danshinsa da safe. Kafin ku biya ko dirhami ɗaya, ku tambaya ƙarara: akwai na'urar ɗumama ɗaki a cikin ɗakin da za a ba ni, ko a falo kawai take? Ana rufe saman tsakar gida a hunturu? Ruwan zafi yana nan da asuba? Riyad mai araha wanda ba shi da waɗannan ba araha ba ne. Wannan gargaɗi ya shafi biranen biyu, amma a Fas ya fi cizo.

Duk da wannan, in aka tambaye ni, Fas zan nuna wa mai lafiyar ƙafa wanda tarihi da ilimi suka kai shi. Idrisu na ɗaya ya kafa garin a 789, ɗansa Idrisu na biyu ya faɗaɗa shi a 809, kuma tsohon birnin, Fas al-Bali, har yau mota ba ta shiga cikinsa. Alfadarai da jakuna da amalanke ke jigilar komai, daga tukunyar gas zuwa buhun siminti. Ana cewa lungunansa sun kai dubu 9. Daga ƙofar Bab Bujulud, wadda aka gina a 1913 da shuɗin tayil a fuskarta ta waje da kore a ta ciki, babbar hanyar Tala'a Kabira ke gangarawa har zuwa masallacin Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya ce wata baiwar Allah, Fatima al-Fihriyya, ta gina a 859. A gefen hanyar akwai makarantar Bu Inaniyya ta Sarki Abu Inan, ta shekarun 1350, can ƙasa kuma makarantar Attarin da aka kammala a 1325. Ƙananan wurare ne, tsakar gidansu ba ta ɗaukar taro. A watan Afrilu kafaɗa da kafaɗa ake shiga, kowa na ɗaga waya. A Janairu mutum yakan samu kansa shi da mai gadi kaɗai, ya tsaya ya bi rubutun da aka sassaƙa a jikin farar ƙasa da katakon al'ul harafi bayan harafi. Wannan kaɗai ya biya kuɗin sanyin.

Ga ɗalibin da ya yi karatun zaure, Fas ba baƙon gari ba ne. Ibn Ajurrum, mai littafin Ajuruma da ake fara nahawu da shi, mutumin Fas ne, a nan ya rasu a 1323. Ibn Ashir ma a nan ya rayu. Mazhabar ƙasar Malikiyya ce, ƙira'arsu Warshu ce irin ta allonmu, kuma bayan asuba da magariba ana zama a masallatai a karanta izu guda da murya ɗaya. Sai kuma abin da ke kai dubban 'yan Afirka ta Yamma garin: zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya zauna a Fas daga 1798 har rasuwarsa a 1815, kuma a cikinta kabarinsa yake. Tana unguwar Blida, tafiyar 'yan mintuna daga Ƙarawiyyin. A ƙofarta za ku ji Wolof da Fulatanci da Hausa. Lokacin Mauludi wurin kan cika, a kwanakin hunturu kuwa akwai sarari, mai ziyara ya zauna wazifa ba tare da turereniya ba. A sani cewa a Maroko wanda ba Musulmi ba ba ya shiga yawancin masallatai da zawiyoyi, iyakarsa bakin ƙofa. Tsofaffin makarantun da na ambata dai a buɗe suke ga kowa, da ɗan kuɗin shiga.

Sanyi yana yi wa majemar Shuwara alheri. Ramuka ne birjik na dutse, wasu farare da ruwan farar ƙasa da kashin tattabara inda ake tausasa fata, wasu ja, wasu ruwan ƙasa. Majema suna ciki har gwiwa suna tattaka fatu da ƙafa. Daga benen masu shagon fata ake kallo, kuma a bakin matakala za a miƙo muku reshen na'ana'a ku kanga a hanci. A Agusta na'ana'ar ba ta isa. A Janairu warin yana da sauƙi ƙwarai. Bahaushe yana da dalilin tsayawa a nan ya daɗe: fatar jan akuyar Sakkwato da ayari ke ɗauka daga Kano su ƙetare Sahara da ita, da yawa daga cikinta Turawa sun saye ta ne daga tashoshin arewacin Afirka da sunan fatar Maroko.

Da sassafe, kafin shaguna su buɗe, ku nemi masu sayar da bisara a kusa da ƙofofi. Miya ce mai kauri ta wani wake mai faɗi, ana zuba ta da zafinta a kwanon ƙasa, a kwarara man zaitun a kai, a barbaɗa kamun da jan barkono, a haɗa da burodi mai ɗumi. Leburori da 'yan dako sanye da jallabiyar ulu mai hula ke cika bencin. Abincin hunturu ne, kuɗinsa kaɗan, yana riƙe ciki har azahar.

To amma Fas tana da haraji, ƙafa ke biyansa. Gari ne na hawa da gangara, duwatsun da aka shimfiɗa a lungu suna santsi idan an yi ruwa, kuma tasi ba ta kai mutum ƙofar masauki, sai dai ta ajiye shi a bakin ganuwa ɗan dako ya tura kayan a amalanke. Akwai dabara: a shiga ta Bab Bujulud a gangara, a fita ta dandalin Rasif da ke can ƙasa inda jajayen tasi ke tsayawa, ba sai an sake hawowa ba. Duk da haka, wanda zai tafi da mahaifiya mai ciwon gwiwa ko da yara ƙanana ya yi tunani sau biyu. Ranar Juma'a kuma shaguna da yawa a rufe suke, kuma garin yakan yi barci da wuri.

Mai tafiya da tsohuwa ko yara ƙanana Marrakesh ce tasa. Shimfiɗaɗɗen gari ne, babu tudu. Murabiɗun suka kafa shi wajen 1070, Muwahhidun suka gina masallacin Kutubiyya a ƙarni na 12, hasumiyarsa mai tsawon mita 77 kuma ita ce alamar da ɓataccen baƙo ke dubawa ya gane hanya. Rana tana fitowa, ana iya zama a lambu, itatuwan lemo suna ɗauke da 'ya'ya. Da yamma dandalin Jami'ul Fana yakan cika da hayaƙin gashi, da masu wasa da maciji, da makaɗan Gnawa, zuriyar mutanen da aka kwaso daga kudancin Sahara, yawancinsu a matsayin bayi. Duk wanda kuka ɗauki hotonsa a dandalin zai nemi kuɗi, ku yi ciniki tun kafin ku ɗaga waya. Ku kuma yi hattara da babura, domin a nan suna kutsawa cikin lunguna da gudu.

Kada a ɗauka Marrakesh garin shaƙatawa ce kawai. Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da azumi, a nan ya rasu a 1149, hubbarensa na kusa da ƙofar Bab Ailan. Imam Jazuli mai Dala'ilul Khairati, wanda ya rasu a 1465, nan aka dawo da gawarsa daga baya. Su biyun suna cikin waliyyai bakwai da ake kewaya ziyararsu a garin. Akwai kuma fadar Badi, wadda Sarki Ahmad al-Mansur ya fara ginawa a 1578. Shi ne ya tura rundunar da ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, kuma a zamaninsa aka kamo malamin Timbuktu, Ahmad Baba, aka kawo shi Marrakesh a 1594, inda ya yi shekaru yana koyarwa kafin a bar shi ya koma gida. Yau fadar kango ce, domin Maulaya Isma'il ya kwashe marmara da adonta ya kai Meknes, sai jajayen katangu da manyan tsuntsaye dangin shamuwa da suka yi sheƙa a kansu. Ɗan Afirka ta Yamma bai kamata ya ratsa wannan fili da sauri ba.

Inda Marrakesh ta gaza shi ne ba ta taɓa zama fayau. Jiragen Turai masu araha suna sauka a cikinta kullum, don haka ragin farashin hunturu bai kai na Fas ba, makarantar Bin Yusuf da lambun Majorelle kuma ba sa rabuwa da jama'a. Masu tallan kaya da masu cewa za su nuna hanya sun fi naci a nan, ko da yake Fas ma tana da nata. A duka biyun, ɗan rakiya mai lasisi yana ɗauke da katin shaida, kuma masauki zai iya samo muku shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne raba kwana huɗu ko biyar tsakanin biranen biyu. Jirgin ƙasa daga Fas zuwa Marrakesh yana cin kusan awa bakwai, ranar hunturu kuma gajera ce, wato yini guda ya tafi. Mai zuwa daga Legas ko Yamai ko Akra a Kasablanka zai sauka, akwai tashar jirgin ƙasa a cikin filin jirgin, kuma daga Kasablanka Marrakesh kusan awa uku ce, Fas kusan huɗu. Ɗan Najeriya sai da biza, a nema da wuri. Dirhami kuma a can ake canzawa. In hutun bai kai kwana takwas ba, a zaɓi gari ɗaya a yi yawo a kewayensa. Daga Fas, Meknes tafiyar ƙasa da awa guda ce a jirgin ƙasa, kusa da ita ga kangon birnin Rumawa na Walili, wanda hunturu ke mayar da filayensa kore shar, wanda kuma bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba yana iya gwada sa'arsa a Ifran. Daga Marrakesh ana zuwa Essawira a bakin teku cikin kusan awa uku. Masu son hawa ƙauyukan Atlas su tambayi halin hanya tukuna, saboda ƙanƙara kan toshe ta, kuma yankin ne girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna.

A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a ƙarshen hunturu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. A duba kalanda kafin a sayi tikiti. Da azumi wuraren tarihi kan rage lokutan buɗewa, gidajen abinci da yawa a tsohon birnin Fas ba sa buɗewa sai an sha ruwa, a Marrakesh kuwa waɗanda ke hidimar baƙi suna aiki da rana.