Zanen da ba mutum ba doki: mi ake saye a cikinsa?

A ranar 8 ga watan Mayu na shekara ta 2012, a gidan gwanjo na Christie's da ke birnin Niyok na Amurka, an sayar da wani allon zane a kan dalar Amurka miliyan 86.9. Dalar Amurka muke faɗi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, domin a canjin lokacin kuɗin ya haura sefa miliyar 40. Allon ya ɗara mita 2 a tsawo da faɗi, amma babu mutum a cikinsa, babu doki, babu gida ko itace. Launi ne kawai aka shimfiɗa: ruwan lemu da rawaya a bisa ja. Wani Ba'amurke mai suna Mak Rotko ya zana shi a 1961.

Ɗan kasuwar da ya ji wannan labari a Maraɗi ko Jibiya, ko Ƙonni da Illela, zai ce ko dai mai sayen ya zautu, ko kuma an damfare shi. To amma jama'a, kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san daga ina irin wannan zane ya fito, da abin da masoyansa ke gani a ciki. Turawa na kiransa abstirak, watau zanen da ba ya kwaikwayon kamannin komi.

Yadda aka faro

Shekaru aru-aru, ana auna gwanin zane a Turai da yadda ya iya fitar da kamannin sarki ko attajiri, ko filin yaƙi. Da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, sai injin ya soma yin wannan aiki cikin sauri da araha. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu zane suka fara tambayar kansu: in kamara ta iya kamanni, mi ya rage mana?

Cikin waɗanda suka ba da amsa akwai Basili Kandinski, mutumin Rasha da aka haifa a Mosko a 1866. Shari'a ya karanta, amma yana da shekara 30 ya bar ta ya tafi Munik ta Jamus koyon zane. Ya ba da labari cewa wata rana da magariba ya shiga ɗakin aikinsa, ya hango wani allo mai ban sha'awa da bai gane komi a cikinsa ba sai launi. Da ya matsa, ashe zanensa ne aka jingine a karkace. Daga nan ya fahimci cewa kamannin abu na iya shiga tsakanin ido da launi. A littafin da ya fitar a ƙarshen 1911, ya kwatanta launi da sauti: rawaya a wurinsa kamar ƙarar kakaki take, shuɗi mai duhu kuma kamar kiɗa mai zurfin murya.

Ba shi kaɗai ba ne. A 1915, a birnin Fetrograd na Rasha, Kazimir Malebic ya nuna baƙin murabba'i a bisa farin allo, ya rataye shi a kusurwar ɗaki, inda Rashawa ke ajiye hotunan ibadarsu. Wata mace ma ta riga su: Hilma af Kilint ta Suwidin ta fara a 1906, amma ta bar wasiyya kada a nuna aikin sai ta shekara 20 da rasuwa. Da aka baje shi a gidan Guggenheim na Niyok daga 2018 zuwa 2019, mutum sama da 600,000 suka je kallo.

Ina ma'anar take?

Wanda ya taɓa jin makiyayi na busa sarewa da yamma ya san amsar. Sarewa ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta faɗi kalma ko guda ba, amma tana sa mutum kewar gida. Ba mai tambayar mai busa ko wace dabba yake kwaikwaya. Haka masu wannan zane ke son a kalli aikinsu. Rotko kansa ya ce ba launi ne burinsa ba, abin da yake nema shi ne ya taɓo baƙin ciki da farin ciki da fargabar da ke cikin ɗan Adam. Shi ya sa yake yin allunan manya-manya, yana son mai kallo ya matso kusa har launin ya cika masa ido.

In muka duba da kyau, ƴan kasuwarmu sun daɗe da wannan ilimi. Mai sayar da atamfa a kasuwar Gaya ko Maigatari yana buɗe bandir, kallo ɗaya zai ce wannan za ta tafi, waccan za ta kwana. Ya san launin da ya yi ihu da wanda ya natsu, ya san wanda ya dace da amarya da wanda ya dace da uwargida, alhali sau da yawa ba hoton komi a jiki sai layi da zobe da ɗigo. Haka mai ɗinkin babbar riga da ke jera aska takwas da tambari, da maginin da ke yi wa bango dagi a unguwar Birni ta Damagaram ko a Zariya, da matar da ke saƙa faifai mai launi. A rubuce ma, kalma guda muke da ita: zanen da ake ɗaurawa da zanen da ake yi da alƙalami.

Wani ɗan Afirka ya gane haka tun tuni. Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin allo ne. Ya koyo zane irin na Turawa a Landan, amma da ya koma Kartum sai ya ga mutanensa ba su damu da aikin ba. Sai ya koma ga haruffan Larabci da adon da jama'a suka saba gani, ya ja su ya lanƙwasa har suka zama sabon salo. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje aikin rayuwarsa gaba ɗaya.

Masu shakka ma da hujjarsu

Ba za mu ɓoye ba, akwai abin dariya a wannan harka. A 2022, a wani gidan zane na Dusildof a Jamus, aka gano cewa wani aikin Fit Mondiriyan na Holan, gwanin miƙaƙƙun layuka, ya fi shekara 70 ana rataye shi kai a ƙasa. Haka aka bar shi, don gudun kada ya lalace in an juya.

Akwai kuma jabu. A 2011 tsohon gidan dillancin zane na Knoedler a Niyok ya rufe bayan shekara 165 yana ciniki. Bincike ya nuna cewa ta hannunsa da na wani dillali an sayar da zane na ƙarya fiye da 60, har da masu sunan Rotko, a kan dalar Amurka sama da miliyan 80. Wani ɗan Sin ne da ke zaune a unguwar Kwins ya zana su duka. Attajirai sun rataye su suna yabo, ranar da asiri ya tonu kuwa darajarsu ta faɗi warwas, ga shi launi bai canza ba.

Wannan ya nuna mana abu biyu ne daban. Akwai daɗin kallo, wanda ido da zuciya ke samu kyauta. Akwai kuma farashi, wanda suna da tarihin kaya da ƙarancinsu ke yankewa. Mai sayar da atamfar Holan ya san haka, tunda kwaikwayonta na iya kama da ita sak, amma hatimin bakin zane ne ke raba kuɗinsu.

Abin da ya rage gare mu

A nan ne namu gwanayen suka yi asara. Bature ya sa hannu a gindin allonsa, an rubuta shekara, an adana takarda. Mu kuwa, wa ya san sunan wanda ya ɗinka rigar da ya gada daga mahaifinsa? Wa ya rubuta sunan maginin da ya ƙawata zauren unguwarsu? Siminti na cinye bangon ƙasa, keken ɗinki na zamani na cinye aikin allura, masu yi suna tafiya ba a san su ba.

Don haka in an nuna mana irin zanen Rotko a talabijin ko a salula, kada mu yi gaggawar tambayar hoton mi ne. Mu tsaya mu ji abin da launin ya yi mana, kamar yadda muke yi wa sabon bandir. In kuma mai aikin hannu ya kawo mana riga ko faifai ko tabarma a rumfa, mu tambayi sunansa, mu faɗa wa mai saye, mu rage matse shi a ciniki. Hausawa sun ce araha ba ta ado.