Kyanwa ma amarya ce ranar zuwa asibiti

Duk wanda fatauci ya kai shi Guangzhou, ya sauka a Xiaobei ko Sanyuanli, ya ga yadda mutanen birnin ke ji da karnuka da kyanwoyinsu. Tun 1 ga Yulin 2009 doka ta ƙayyade kare ɗaya ga kowane gida a cikin gari, tare da rajista da allurar rigakafin haukan kare. Zuwa wurin likitan dabbobi ya zama dole ke nan, asibitocin kuma ga su nan unguwa-unguwa, har da na Jami'ar Aikin Gona ta Kudancin Sin da ke Tianhe.

Kare da sauƙi, ya saba da titi. Aikin yana wurin kyanwa, wadda ta tashi a bene hawa na ashirin, ƙafarta ba ta taɓa taka ƙasa ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya ɗaukar ta, sai dai tasi, ga zafi, ga cunkoso, ga ƙarar hon. Kafin a isa, idanunta sun firfito, kunnuwa sun kwanta. Tsoron nan yana ɗaga sukarin jininta da bugun zuciyarta, har likita ya auna lafiyayya ya ga alamun ciwo.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin maganin irin wannan, domin haka ake fama ranar kai amarya. Ba a kai yarinya ɗakin da babu komai nata. Kayanta ke riga ta isa. Ita ma kyanwa, a ajiye kejinta a buɗe a falo kwanaki kafin tafiya, a shimfiɗa tsumman da take kwana a kai, ta shiga ta fita har ta ɗauke shi ɗakinta. Amarya a lulluɓe take fita. Kejin ma a rufa masa tawul, a rungume shi a ƙirji, kada a riƙa lilo da shi. A ɗakin jira a ɗora shi kan kujera, nesa da hancin karnuka.

Sai sayen baki. A rage mata abinci da safe, a tafi da ɗan abin da ta fi so, likita ya fara da shi. Buɗar kai kuma ba da ƙarfi ake yi ba: a cire murfin kejin daga sama, a duba ta tana zaune a gurbinta, maimakon a zazzago ta ko a damƙe mata ƙeya. Irin wannan lallashi ne tsarin Fear Free, wanda likita Marty Becker ya kafa a Amurka a 2016, yake koyarwa. In tsoron ya yi yawa, likita kan rubuta gabapentin a ba ta kafin a fito. Farasitamol kuwa ko kusa, guba ne ga kyanwa.

In akwai wata kyanwar a gida, a shirya wa kishi. Wadda ta dawo tana ɗauke da warin asibiti, uwargida kuma da hanci take gane 'yar'uwarta, sai ta tare ta da huci kamar baƙuwa. A raba musu ɗaki na yini guda, a goga wa kowacce tsumman ɗayar, sannan a haɗa su.