Idan Takardar Aiki Ta Ce Kamba Ko Kangiwa, Za Ka Je?

Ranar Asabar 15 ga watan Maris na 2014, dubban ɗaruruwan matasa suka yi cincirindo a Abuja da Fatakwal da Minna da wasu garuruwa domin jarrabawar shiga aikin Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa, wadda muka fi sani da Imigireshin. Guraben aikin ba su kai 5,000 ba. Turmutsutsun da aka yi a ranar ya ci rayukan mutum fiye da goma.

Yawancinku, ƙannena ɗalibai, ba ku ma shiga firamare ba a lokacin. Yanzu ta intanet ake cike takardar neman aikin, amma ƙishirwar sanya kaki ba ta ragu ba. Duk ranar da aka ce Kwastam ko Imigireshin sun buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, sai ka ga shagunan kwamfuta na Birnin Kebbi da Argungu sun cika maƙil. Kowa na tambayar ranar rufewa da yawan albashi. Da wuya ka ji wanda ya tambayi inda za a kai shi idan ya samu.

Wa ke zaɓar wurin aiki?

A Najeriya sabon jami'i ba ya zaɓar wa kansa wurin aiki. Bayan an gama horo, misali a makarantar Imigireshin da ke Kano ko kwalejin Kwastam ta Gwauron Dutse, hedikwata ce ke rarraba sababbin jami'ai zuwa jihohi, shugaban rundunar jiha kuma ya tura kowa inda ake buƙatarsa. Tun ranar da mutum ya karɓi aikin ya riga ya amince zai yi shi a ko'ina cikin ƙasar nan.

Duk da haka akwai zaɓi. Idan takarda ta fito da sunan wani ƙauyen bakin iyaka, ko dai mutum ya ɗauki jakarsa ya tafi, ko kuwa ya fara zaryar gidajen manya yana neman uban gidan da zai sa a canza masa. Kowa ya san wuraren da ake rububi: tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ko ofishin fasfo na babban birnin jiha. Kowa kuma ya san wuraren da ake gudu, da yawansu kuwa suna nan a bayan gidanmu.

Iyakar da ke bayan gidanmu

Jihar Kebbi tana cikin 'yan jihohin da suka yi iyaka da ƙasashe biyu: Jamhuriyar Nijar da Jamhuriyar Benin. Idan ka bar fadamar gulbin Rima ka nufi yamma, a hankali shinkafa za ta ɓace, gero da yashi da ƙaya su maye gurbinta. Ta Argungu za ka bi ka isa Kangiwa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Arewa. Daga Birnin Kebbi kuma hanyar Kalgo da Bunza za ta kai ka Kamba, hedikwatar Dandi, wadda ke fuskantar garin Gaya na Nijar. Daga Gaya gada ce kawai a kan Kogin Kwara ta raba ka da Malanbil ta ƙasar Benin. Akwai Bachaka, akwai Dole Kaina, sannan a Ƙaramar Hukumar Bagudo akwai Lolo da Tsamiya ta ɓangaren Benin.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, daga Kebbi har Tafkin Chadi. Babu katanga, babu waya. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi ana kakkafa alamomi. Layin ya ratsa tsakiyar ƙasar Arewa, ya bar Dogon Dutsi a hannun Faransa, Kangiwa a hannun Ingila. Haka ya raba Dandawa gida uku. Shi ya sa har yau za ka ga manomi gidansa na Najeriya gonarsa na Nijar, ko amaryar da aka ɗauko daga wata ƙasa alhali tafiyar ba ta wuce ta amalanke ba.

Wannan shi ne wurin aikin da ake magana: layin da ido ba ya gani, mutanen ɓangarorin biyu kuwa dangin juna ne.

Me jami'i ke yi a can?

Aikin Kwastam kaya ne, aikin Imigireshin mutane. Jami'in Kwastam yana karɓar kuɗin fito a kan kayan da doka ta yarda a shigo da su, ya kama waɗanda ta hana. A yankinmu abin da aka fi kamawa shi ne shinkafar waje, gwanjo, fetur a jarkoki, miyagun ƙwayoyi irin su Tramadol, da fatun jakuna da ake ƙoƙarin fitarwa.

Batun shinkafa ya shafi kowane gida a Kebbi. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015. A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta kan tudu, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar sarrafa shinkafa ta Wacot a Argungu. Duk tirelar shinkafar waje da ta sulale ta ɓarauniyar hanya, farashin buhun mahaifinku take karyawa. Wannan farashin kuwa shi ke biyan kuɗin jarrabawarku.

Shi kuma jami'in Imigireshin, shi ke duba takardun mai shiga da mai fita. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba tare da biza ba har kwana 90. A ranar 29 ga Janairu, 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen har sai an sake ba da wani umarni. Jami'in da ba ya bin irin waɗannan sauye-sauye, zai tsare wanda ya kamata ya wuce, ya saki wanda ya kamata ya tsare.

Aiki mafi nauyi shi ne gane masu safarar mutane. Hanyar da ke fita daga iyakokinmu tana kaiwa Agadas, daga can sai Hamadar Sahara, sai Libiya ko Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su, kuma mafi yawansu mata ne da ƙananan yara. Irin wannan tafiya tana farawa ne a wani ƙaramin shinge, inda wani jami'i zai ga yara biyar tare da wanda ya ce shi kawunsu ne. Idan ya ware yarinya ɗaya ya tambaye ta sunan ƙauyen kawun nata da harshen da take ji, wataƙila tafiyar ta ƙare a nan.

Wahalar da bai kamata a ɓoye muku ba

Bakin iyaka ba wurin hutu ba ne. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Da hunturu hazo kan rufe hanya har ka kasa ganin babur sai ya zo gabanka. Da damina wasu ƙauyukan bakin kogi sai da kwalekwale. A ƙananan shingaye za ka iya samun kanka a rumfar kwano, ruwan sha sai an sayo a jarka, sabis ɗin waya sai ka nemi tudu. Kana iya yin Sallah a bakin aiki, mahaifiyarka tana Argungu, tafiyar da ba ta kai yini ba.

Akwai haɗari kuma. A watan Nuwamba na 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa sun kai hari garin Mera a Ƙaramar Hukumar Augie, suka kashe mutum fiye da goma. A Janairun 2025 wata babbar kotun tarayya ta ayyana ƙungiyar a matsayin ta 'yan ta'adda. Dajin bakin iyaka ne maɓoyarsu, mai kaki kuwa ba ya ɓuya. Duk wanda zai shiga wannan aiki ya kamata ya zauna da iyayensa su yi maganar nan a fili.

Sai fushin jama'a. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma Kamba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A Abuja ake yanke hukunci, amma ƙaramin jami'in da ke tsaye a rana shi ɗan kabu-kabu da mai sayar da albasa suke harara.

Jarrabawa ta ƙarshe ita ce ta aljihu. A shingen da ba kowa, babu mai ganinka sai Allah, wani zai miƙo maka abin da ya fi albashinka na wata don ka juya baya minti biyar. Ba ka san abin da ke ƙarƙashin buhunan ba. Yana iya zama atamfa, yana iya zama harsashin da za a harba a ƙauyen kakarka.

Da ɗan gari akan ci gari

To me zai sa mutum ya tafi da zuciya ɗaya? Dalili na farko, a can ake koyon aikin. A babban ofishi sabon jami'i zai iya shekara yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. A ƙaramin shinge, da yake hannu ya yi kaɗan, shi zai yi sintiri, shi zai yi tambayoyi, shi zai rubuta rahoto, shi zai zauna da hakimi da sarkin kasuwa.

Dalili na biyu ya shafe mu kai tsaye. Aikin tarayya ne, ana iya kai ɗan Kebbi Seme ko Mfum, a kawo ɗan Kuros Riba Kamba. Amma idan rabo ya kawo ɗan Kebbi iyakar yankinsa, ko Illela, ko Jibiya, yana zuwa da abin da ba a koyarwa cikin watannin horo. Yana jin Hausar Arawa, wataƙila da Zabarmanci ko Dandanci ko Fulatanci. Ya san lissafin sefa. Ya san bambancin tsohuwar da ta ɗauko tiya biyu ta gero za ta kai wa 'yarta mai jego, da wanda ya rarraba kayan tirela a kan babura ashirin. Mutanen ƙauye kuma sun fi sakin baki da wanda ya iya gaishe su. Labarin baƙin fuska da suka kwana a daji, wajen mai shayi ake fara jin sa.

Sai dai wannan sanayya takobi ce mai kaifi biyu. Wata rana wanda za ka tsayar abokin karatunka ne, ko ɗan ƙanwar babarka. Zai kira ka da sunan da ake kiranka a gida. Wanda bai shirya wa wannan ranar ba tun kafin ya sa kaki, kunya za ta sa ya yi abin da kuɗi ba su sa shi ba.

Abin da za ku fara tun yanzu

Tun ran gini ran zane. Ga abin da ɗalibin sakandare zai iya yi:

Ku riƙe Turanci da Lissafi. Ana ɗaukar ma'aikata mataki-mataki: masu takardar sakandare, masu difloma ko NCE, da masu digiri, kowa da muƙamin da zai fara. A kowane mataki ana duba sakamakon waɗannan darussa biyu.

Kada ku raina Faransanci. Maƙwabtanmu biyu da shi suke rubuta takardunsu. Jami'in da zai iya karanta katin shaidar ɗan Doso da kansa ba ya buƙatar tafinta, ba a kuma yi masa wayo.

Harshen gida ma jari ne. Idan kakarka na jin Zabarmanci ko Fulatanci, zauna kusa da ita.

Ku koyi kwamfuta. Da ita ake jarrabawar shiga, kuma aikin kansa yana komawa kan na'urorin ɗaukar hoto da zanen yatsa.

Ku kula da lafiyarku, ku nisanci ƙwaya. Ana gwajin lafiya da na ƙarfin jiki kafin a ɗauki mutum.

Ku kiyayi 'yan damfara. Hukumomin nan suna nanata cewa neman aikinsu kyauta ne. Duk wanda ya ce a turo kuɗi ta Facebook ko WhatsApp zai ba da gurbi, ɓarawo ne.

'Yan mata kuma kada ku ce wannan zancen maza ne. Mace ce ke bincikar mace a shinge, kuma yarinyar da aka yaudaro ta fi faɗa wa mace gaskiya. A 2024 mace aka naɗa shugabar Hukumar Shige da Fice ta ƙasa baki ɗaya, wato Kemi Nandap.

Ba kowa ne zai yi aikin iyaka ba, kuma babu laifi ga wanda ya auna ya ga ba zai iya ba. Ƙasa na buƙatar malamai da likitoci da manoma. Laifin shi ne mutum ya karɓi kaki da albashi, sannan ya bar shingen da aka ba shi babu kowa. Kafin ka cike takardar neman aikin, ɗauko taswirar Jihar Kebbi a ɗakin karatun makarantarku, ka sa yatsa a kan Dole Kaina, ka tambayi kanka ko za ka iya shekara biyu a nan. Idan amsar e ce, cike takardarka, Allah Ya ba da sa'a.