Kafin a Sayi Tayil: Tsara Banɗaki a Gidajen da Ake Gyarawa a Birnin Gwari

Tun bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen watan Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar dabbobi da ta daɗe a rufe, manoma suka soma komawa gonakinsu da ƙauyukansu na gefen dajin Kamuku. Gidan da ya yi damuna da yawa ba kowa a ciki ba ya jiran mai shi yadda ya bar shi: kwano ya yaye, katanga ta zube, masai ya rufta. Mai gida yakan fara da ɗakin kwana da rumbu, kuma da gaskiyarsa. Banɗaki sai daga ƙarshe, a lungun da ya rage, da ragowar siminti. A ganina shi ya kamata a fara shata wa wuri, ko da ba shi za a fara ginawa ba, domin shi kaɗai ne ɗakin da kuskurensa ke shiga rijiya.

Ƙa'idar da masu aikin tsafta suke bi ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, wato kamar taku 40 na babban mutum, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. A nan ake yawan ruɗuwa. Galibi da rani ake haƙa rami, a ga ƙasa a bushe ƙamas, a yi ta nutsawa. Amma a wannan yanki ruwan sama yakan ɗauki daga Mayu zuwa Oktoba, kuma duk mai rijiya ya san yadda igiyar guga take gajarta a watan Agusta. Ruwan Agustan ne ma'auni, ba na Maris ba. Idan ramin ya taɓa shi, abin da ke cikin masai zai bi ƙarƙashin ƙasa ya iske rijiya, ruwan kuma ya fito garau ba wari. Ta haka amai da gudawa suke shiga gida. A 2021 cutar kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, mafi yawansu a Arewa.

A cikin gari, fili mai ƙafa 50 da 100 ba ya ba da wannan tazara cikin sauƙi. Sai a sa ramin a gangare, rijiya a tudu, a ɗaure bakinta da siminti a yi mata murfi. Sannan a leƙa katangar maƙwabci a tambaye shi ina tasa rijiyar take. Tambayar ba ta da daɗin yi, amma ta fi zuwa gaisuwar mara lafiya.

Ruwan wanka kuma hanyarsa daban. Kada a zura shi cikin masai, don zai cika shi da wuri ya jiƙa gefensa har ya rufta. Kada kuma a fasa rariya a sake shi kan lungu, ya kwanta ya zama gidan sauro, ya ci gindin katangar mutane. A haƙa masa ƙaramin rami nasa, a cika da duwatsu, a rufe.

Daɓen ɗakin wanka yana son gangara ta santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, zuwa bakin rariya. Ido ba ya ganin wannan, ruwa ne yake gani. Kafin a sallami magini, a ɗebo bokiti guda a sheƙa a kusurwar da ta fi nisa, a tsaya a duba. In ruwan ya bi hanyarsa ya wuce, aiki ya yi. In ya taru a bakin ƙofa ko ya kwanta a gindin bango, a fasa a gyara tun siminti bai gama kamawa ba. Tayil mai sheƙi na bango ne. Na ƙasa a zaɓi mai kaushi, saboda tsoho da mai juna biyu da yaron da zai shigo a guje da sabulu a ƙafa. In ginin na ƙasa ne, sahun farko zuwa kamar ƙugu ya zama bulo da shafen siminti, in ba haka ba danshi zai riƙa cin bangon daga ciki har wata damina ya zauna.

Sai maganar shawa, wadda kowane ango yake so. Shawa ba ta yin ƙarfi don kanta mai tsada ne. Ƙarfinta daga tsawon da ke tsakanin tanki da kan shawar yake zuwa. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita ɗaya kawai, ɗigo zai riƙa bayarwa. A mita uku zuwa sama ake samun zubar da za a yi wanka da ita cikin daɗi, musamman idan bututun da ya sauko mai faɗi ne kuma ba a cika masa lanƙwasa ba. A tuna kuma tanki mai lita 1,000 in ya cika nauyinsa tan guda ne. Ba a ɗora shi kan katangar banɗaki ko kan katako. Ƙarfe ko ginshiƙin kankare yake so.

Akwai lissafin da ya fi wannan muhimmanci. Shawa takan zubar da wajen lita 8 zuwa 10 a minti ɗaya, wato wankan minti biyar ya kai bokiti biyu ko fiye. Gida mai mutum goma zai ga kusan rabin tankinsa ya tafi a wanka ɗaya kaɗai. Madatsar ruwa ta Bagoma tana nan kusa da gari, amma ƙauyukan daji da rijiya da burtsatse suke rayuwa, kuma wanda yake jan ruwa da hannu ya san darajar kowace lita. Shawarata ita ce, ko an sa shawa, a sa famfo na ƙasa daidai tsawon da bokiti da buta za su shiga ƙarƙashinsa. Ranar da babu wuta ko sola ta gaza, banɗakin zai ci gaba da aiki.

Warin da ke korar mutane daga banɗakin cikin ɗaki yana da magani mai araha. Ƙarƙashin kowace rariya a sa lanƙwasasshen bututun nan da ke riƙe ɗan ruwa, shi ne yake tare iskar rami. Masai kuma a fitar masa da bututun iska mai inci 4 ya wuce saman rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Wannan dabara a Zimbabuwe aka inganta ta a shekarun 1970: iska tana jan wari sama, ƙuda ya bi haske ya maƙale a raga. Mazaunin kuma a daidaita shi kudu da arewa tun a zane, don kada mai biyan buƙata ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Ƙofa ta zama cikin gida, da sakata da fitila, yadda mace ko yarinya ba za ta fita bayan gari da dare ba. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalili.

Abu ɗaya ya keɓanci ƙasar zinariya irin Birnin Gwari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a 2015 kuma ta kashe wasu a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, nan maƙwabta. Ƙurar dutsen zinariyar da ake niƙawa ce take shiga gida, a jiki da tufafi, yara su yi rarrafe a kanta su kai hannu baki. Duk gidan da ke da mai zuwa haƙar ma'adinai, ko mai feshin maganin ciyawa a gona, ya dace ya ware ɗan makewayi kusa da zaure, da ƙusar rataya kayan aiki da bokitinsa na kansa. Mutum ya yi wanka ya sauya tufafi a nan kafin ya shiga tsakar gida, kayan aikin kuma a wanke su daban, ruwansu ya tafi ramin duwatsu nesa da rijiya da wurin wasan yara.