Azumi, bishara da Juma'a Mai Kyau: Yadda Kiristocin Kontagora ke shirin bikin Ista

Kowace shekara Gwamnatin Tarayya takan ba da hutun kwana biyu, Juma'a da Litinin, domin bikin Ista. Ga mafi yawan ma'aikata, abin da suka sani game da bikin ke nan. Amma ga mabiya addinin Kirista a Kontagora ta Jihar Neja da ƙauyukan da ke kewaye da ita, waɗannan ranaku su ne ƙarshen ibadar da ta ɗauki fiye da mako shida, wadda ta haɗa azumi da shelar bishara da tunawa da gicciye Yesu Almasihu.

A shekarar 2026, an fara azumin ne ranar Laraba 18 ga Fabrairu, a makon da Musulmi suka fara azumin Ramadan. Juma'a Mai Kyau ta faɗo ranar 3 ga Afrilu, Lahadin Ista kuma 5 ga wata. Haɗuwar azumin biyu ta sa maƙwabta da abokan aiki da dama sun yi ta tambayar juna yadda kowa ke yin nasa. Amsar, ta ɓangaren Kirista, tana buƙatar ɗan bayani, domin azuminsu ba a fahimtarsa sai an dubi inda ya nufa.

Kwana arba'in da yadda ake lissafa su

Azumin, wanda aka fi sani da Lent, yakan fara ne da Larabar Toka. A wannan rana limamin coci yakan shafa wa masu ibada toka a goshi da alamar gicciye, domin tunatar da su cewa daga ƙasa aka halicci mutum, kuma cikinta zai koma. Ana samun tokar ne ta hanyar ƙona ganyen dabinon da aka yi ibada da shi a shekarar da ta gabata.

Daga wannan Laraba zuwa Asabar ta jajibirin Ista kwana 46 ne. Idan aka cire ranakun Lahadi shida, waɗanda ba a azumi a cikinsu saboda ranakun tunawa da tashin Yesu daga matattu ne, sai a samu kwana 40. Adadin yana da tushe a Littafi Mai Tsarki: litattafan Matiyu da Luka sun ba da labarin azumin kwana 40 da Yesu ya yi a jeji kafin ya fara wa'azi, haka kuma an ambaci kwana 40 game da Annabi Musa a Dutsen Sina'i da Annabi Iliya.

Ranar Ista ba ta tsayawa a wuri ɗaya saboda ana lissafa ta da wata da rana a haɗe. Ƙa'idar da ake dangantawa da taron malaman coci na Nikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325, ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa bikin yake yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A ƙasar Kontagora wannan na nufin ana fara azumin ne da wutsiyar hunturu, a ƙare shi cikin zafin bazara, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, manomi kuma ya fara auna abin da ya rage a rumbu.

Yadda ake yin azumin

Babban bambancinsa da azumin Ramadan shi ne cewa ba kame baki ba ne daga alfijir zuwa faɗuwar rana a kan kowa da kowa. A ɗarikar Katolika, dokar coci ta wajabta azumi a ranaku biyu, Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, ga wanda ya cika shekara 18 kuma bai shiga ta 60 ba. A waɗannan ranaku mutum yakan ci cikakken abinci sau ɗaya, tare da ɗan abin taɓawa sau biyu, kuma ba a hana shan ruwa ba. Kame wa daga cin nama kuwa yana farawa ne daga shekara 14, a Larabar Toka da Juma'o'in azumin. Marasa lafiya ba ya kansu. Paparoma Paul na Shida ne ya sassauta dokar a 1966, bayan ƙarnuka da ta fi haka tsanani.

Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da aka nema. Masu ibada da yawa sukan ɗora wa kansu fiye da haka: wani ya kame baki har tsakar rana, wani har ƙarfe uku ko shida na yamma, wani ya bar giya ko taba ko wani abin da ransa ya saba da shi har tsawon kwanakin. Coci tana koyar da cewa azumi yana tafiya ne tare da addu'a da sadaka, ta yadda abin da mutum ya hana cikinsa zai kai shi ga mabuƙaci. Ga iyalin da dama can ba kullum suke ganin nama a miya ba, malamai sukan karkata wa'azi ga barin gaba da tsegumi, da biyan bashi, da sasantawa da ɗan'uwa.

Ba dukkan ɗariƙu ne suke bin wannan tsari ba. Angalika tana kiyaye Larabar Toka da kwana arba'in, yayin da majami'u da yawa na Fentikos suka fi sanya nasu dogon azumin a farkon shekara, kamar kwana 21 da Living Faith ke yi a Janairu. A Habasha da Masar kuwa, Kiristocin Otodoks sukan yi kwana 55 ba nama, ba madara, ba ƙwai. Abin da ya haɗa kowa shi ne makon ƙarshe da ranar tunawa da gicciye.

Yadda bishara ta shiga ƙasar Kontagora

Kalmar bishara, a Hausar coci, tana nufin albishir game da Yesu, kuma mai bishara shi ne wanda yake kai wannan saƙo. Tarihinta a wannan yanki ya bayyana dalilin da ya sa coci take da kamannin da take da su a yau.

Kontagora masarauta ce ta Musulunci wadda Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a ƙarni na 19, kuma sarkinta yana riƙe da sarautar Sarkin Sudan. Turawan Ingila sun ci garin a 1901, zamanin Ibrahim Nagwamatse. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi wa sarakunan Arewa alkawarin cewa ba za ta tsoma baki a addininsu ba, saboda haka ta taƙaita ayyukan 'yan mishan a garuruwan Musulmi. Sai 'yan mishan suka nufi al'ummomin da ke bin addinin gargajiya, irin su Kambari da Dukawa da Dakarkari.

A shekarun 1920, mishan da ta haifi cocin UMCA ta buɗe tashoshi a Salka, cikin ƙasar Kambari, da Zuru, cikin ƙasar Dakarkari, daga baya kuma ta yi asibiti a Tungan Magajiya. Da yake harsunan yankin suna da yawa, Hausa ce ta zama harshen wa'azi da waƙa da makarantar horar da masu bishara, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Har gobe, a majami'un karkara da dama, da Hausa ake karatu da addu'a, sannan a fassara zuwa harshen gida. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata da na Sabon Rai, wadda ta samo asali a Jos a farkon shekarun 1960, su ma da Hausa suke yawancin waƙoƙinsu.

A ɓangaren Katolika, limaman ƙungiyar SMA, wadda aka kafa a birnin Lyon na Faransa a 1856, su ne suka yi aikin farko. Ranar 15 ga Disamba, 1995, Fadar Paparoma ta yanko Kontagora daga yankunan Minna da Ilori da Sakkwato ta mai da ita yanki mai cin gashin kansa a ƙarƙashin Fada Timothy Carroll, ɗan ƙasar Ailan, wanda ya zama bishop a 2002. Zamaninsa ya yi suna da haƙa rijiyoyi da ajujuwan yaƙi da jahilci da ake buɗewa da rani, bayan an gama girbi. An naɗa Bulus Dauwa Yohanna a 2012, sannan a ranar 2 ga Afrilu, 2020, aka ɗaga Kontagora zuwa cikakkiyar diyosis, da babbar majami'arta ta Saint Michael a cikin gari. Yankin ya haɗa da ƙasashen Rijau da Magama da Borgu da Agwara a Neja, da Zuru da Yawuri a Jihar Kebbi.

A nan ne bishara take haɗuwa da azumi. Tun ƙarnukan farko na addinin, kwanakin da ke gabanin Ista su ne lokacin koyar da sababbin masu shiga addini kafin a yi musu baftisma a daren Asabar. A ƙasar Kontagora lokacin ya dace da rani, sa'ad da hanyoyi suka bushe, mutane kuma ba su gona. Limami ɗaya yakan riƙe ƙauyuka masu yawa, saboda haka nauyin koyarwa yana wuyan katikis da masu bishara, waɗanda ke zaune cikin jama'a suna noma kamar kowa. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi, ya kuma ba shi 'yancin sauya shi. A garin da Musulmi suka fi yawa, cin moriyar wannan 'yanci cikin lumana ya dogara ne ga iya baki da sanin mutuncin maƙwabci daga kowane ɓangare.

Mako Mai Tsarki da ranar gicciye

A Juma'o'in azumin, mabiya Katolika sukan yi ibadar Hanyar Gicciye, mai matsaya 14, daga yanke wa Yesu hukunci a gaban Bilatus, gwamnan Romawa, har zuwa sanya shi a kabari. A kowace matsaya akan tsaya, a durƙusa, a yi addu'a.

Makon ƙarshe yakan fara da Lahadin Dabino, tunawa da shigar Yesu birnin Urushalima. Ranar Alhamis da yamma akan tuna da jibin ƙarshe da ya ci da almajiransa, inda limami yakan wanke ƙafafun wasu daga cikin jama'a, alamar cewa shugabanci hidima ne. Bayan haka akan kwashe ƙyallaye da kayan ado daga bagade, ƙararrawa kuma ta yi shiru.

Juma'a Mai Kyau ita ce rana ɗaya tilo a shekara da Katolika ba ta yin Mas ko kaɗan. A wurare da yawa matasa sukan kwaikwayi ɗaukar gicciye da safe. Da misalin ƙarfe uku na yamma, sa'ar da litattafan bishara suka nuna cewa Yesu ya mutu, akan karanta labarin shan azabarsa daga littafin Yohanna, a yi doguwar addu'a, sannan jama'a su fito ɗaya bayan ɗaya su rusuna wa gicciye. A majami'un Angalika da wasu akan yi ibadar sa'a uku daga tsakar rana, ana bimbini a kan maganganu bakwai da ya yi a kan gicciye. Ana kiran ranar mai kyau ne duk da baƙin cikin da ke cikinta, saboda Kirista sun yi imani cewa wannan mutuwa ita ce fansar zunuban 'yan Adam, kuma ya tashi a rana ta uku.

A wannan batu ne addinan biyu suka rabu. Alƙur'ani, a aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, ya nuna cewa ba a kashe Annabi Isa ba, kuma ba a gicciye shi ba. Kirista kuwa sun ɗauki gicciye da tashi daga matattu a matsayin ginshiƙin addininsu. Bambancin ya daɗe, kowane ɓangare ya san shi, kuma bai hana maƙwabta aika wa juna abincin Sallah da na Ista ba.

Ibada cikin halin rashin tsaro

Azumin 2026 ya zo wa diyosis ɗin Kontagora watanni uku bayan wani babban tashin hankali. Ranar 21 ga Nuwamba, 2025, 'yan bindiga suka shiga makarantar Saint Mary da ke Papiri, a Ƙaramar Hukumar Agwara, mallakar diyosis ɗin, suka kwashe ɗalibai da malamai. Ƙididdigar farko da Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya ta bayar ta bakin shugabanta na jihar, Bishop Yohanna, ta nuna ɗalibai 303 da malamai 12, daga baya ta ce 50 sun kuɓuta. Gwamnatin jihar ta rufe makarantu. An sako mutum 100 a farkon Disamba, sauran 130 kuma kwanaki kaɗan kafin Kirsimeti.

Matsalar ba ta bar Musulmi ba, domin hare-hare a Mariga da Rijau da Magama sun shafi kowa. Sai dai tana taɓa ibadar Ista ta hanya ta musamman. Ibadar daren Asabar, wadda ake kunna wuta a wajen majami'a kuma ake yin baftisma a cikinta, bayan faɗuwar rana ake yin ta. Zagayen limamai da masu bishara kuma yana buƙatar bin hanyoyin daji a kan babur. Idan hanya ba ta biyuwa, ƙauyen da ya shekara yana jiran baftisma ko jibin Ubangiji yakan ci gaba da jira.

Cikin doguwar addu'ar Juma'a Mai Kyau akwai roƙo domin masu riƙe da mulki, da wani domin a kwance waɗanda ke ɗaure, a kiyaye matafiya, a kawar da yunwa da cuta. Kowace shekara ake karanta shi a majami'un Katolika na duniya baki ɗaya. A 2026, a diyosis ɗin Kontagora, an karanta shi a gaban iyayen da suka shafe wata guda suna jiran dawowar 'ya'yansu.